Yadda Ake Buɗe Asusun Fansho Da Tara Kuɗin Tsufa A Najeriya

Wannan bayanin na ma'aikacin da ya fara ɗaukar albashi ne, da kuma ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu wanda babu mai ba shi fansho in ba shi ya tara wa kansa ba. Na daɗe ina aikin lissafin albashi, cike wa mutane fom ɗin fansho da bin sawun kuɗinsu ya zame min aikin yau da gobe, kuma abin da na lura buɗe asusun ba shi ne wahalar ba, rana ɗaya ake gama shi, inda mutane suke shan wuya shi ne su buɗe su watsar, ba wanda zai sake waiwayarsa sai ritaya ta ƙarato sannan a zo ana ta zarya ofis-ofis. Ina cewa "kai" ne don sauƙin rubutu, amma 'yan uwa mata ma'aikata da masu sana'a a gida duk da ku ake.

Kayan da za ka tanada

Na farko lambar NIN, ita ce uwa, babu ita babu rajista. In ka manta lambar danna *346# a layin da ka yi rajista da shi za ta fito. Sai BVN, ita kuma *565*0#. Sai hoton fasfo sabo, katin shaida ɗaya na gwamnati ko na zaɓe ko lasin tuƙi ko fasfo na tafiya, takardar haihuwa ko takardar rantsuwar shekaru ta kotu in babu, da wata shaidar adireshi, yawanci takardar wuta ake kaiwa. Ma'aikaci zai haɗa da takardar kama aiki da katin wurin aiki. Sai lambar waya da imel waɗanda naka ne na kanka.

Maganar layin waya kar ka ɗauke ta wasa. Na ga wanda ya sa lambar wani ƙaninsa saboda a ranar wayarsa ba caji, shekaru suka tafi duk alat can yake zuwa, ƙanin ma ya yar da layin. Imel kuma in ba ka da shi ka buɗe da hannunka ka riƙe lambar sirrin, kar ka bari yaron kafe ya buɗe maka ya riƙe.

Kafin ka fita daga gida, shimfiɗa takardun nan gaba ɗaya ka duba suna da ranar haihuwa. In a NIN kai Muhammad ne, a takardar aiki Mohammed, a banki kuma Muh'd, toh ka tsaya ka gyara tukuna. Haka masu sa sunan gari a wata takarda su cire a wata, Sani Musa Gwarzo nan, Sani Musa can. A wurinmu duk mutum ɗaya ne amma kwamfuta ba ta san wannan ba, kuma ranar biyan kuɗi ne za ta tsayar da kai. Ka ɗauki abin da ke NIN a matsayin asali, sauran su bi shi. Sai ka nemi fayil ɗaya na roba wanda ruwa ba ya shiga, duk takardar da za ta fito daga yau nan za ta dinga shiga.

1. Ka fara gane a wane tsari kake

Tun 2004 Najeriya ta koma tsarin fansho na karo-karo, aka sabunta dokar a 2014. Yadda yake shi ne duk wata ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, wurin aikinka ya ƙara aƙalla kashi 10, a haɗa a zuba a wani asusu mai sunanka da ake kira RSA. Lissafin ana yin sa ne a kan aƙalla gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri. Hukumar da ke sa ido ita ce PenCom. Kamfanin da zai juya maka kuɗin shi ake kira PFA, amma kuɗin ba a hannunsa suke zama ba, akwai wani kamfanin daban mai ajiya, PFC, an raba su ne da gangan don kar mai juyawa ya zama shi ne mai riƙe da makulli. Iyakar karatun da kake buƙata kenan.

Ma'aikatan tarayya da na kamfanoni masu zaman kansu suna cikin wannan. Sojoji da jami'an leƙen asiri an cire su, nasu daban. Na jiha kuma sai ka tambaya, don kowace jiha da dokarta: Kaduna ta shiga tsarin RSA, Kano da Jigawa kuma suna karo-karo amma kuɗin asusun bai-ɗaya na jiha suke shiga, ba asusu mai sunan mutum ba. In kai irin wannan ma'aikacin ne, ko kuma kai ke cin gashin kanka, matakai na 6 da na 7 su ne naka sosai, amma ka karanta sauran.

2. Zaɓen PFA

Kai ke da ikon zaɓa, doka ta ba ka, ba manaja ko akanta ba. Abin da ya fi faruwa shi ne ejan ya zo ofis da fom da biro da ɗan kalanda, kowa ya cike a wuce wurin. Ba laifi ba ne, amma ka shiga shafin PenCom, pencom.gov.ng, ka ga jerin masu lasisi da idonka. Sunaye irin su Premium Pension, Trustfund Pensions, Stanbic IBTC Pension Managers, Leadway Pensure da FCMB Pensions duk za ka ci karo da su, akwai wasu da dama, ni ba na yi wa kowa talla.

Ni abin da nake dubawa, na ɗaya suna da ofis a garinku ko kusa, domin ranar da matsala ta taso za ka so wurin da za ka je ka zauna gaban mutum. Na biyu manhajarsu ta waya tana aiki kuwa, ka tambayi abokan aiki su buɗe tasu ka gani. Sai ribar da suka samar, kuma kar ka kalli ta shekara ɗaya, ka nemi ta shekara uku zuwa biyar, don kowa yana iya dacewa a shekara guda. In ka zaɓa daga baya ka ga ba su yi maka ba, tun Nuwamba 2020 an buɗe ƙofar canza PFA, sau ɗaya a shekara, kyauta, sabon kamfanin za ka je su za su yi aikin ɗauko kuɗin.

3. Rajista

Ko ka je ofishinsu, ko ejan ya same ka, ko ta manhaja. Za ka cike fom, a ɗauki hotonka da sa hannunka, a haɗa da NIN. Ba a biyan ko sisi, duk wanda ya ce ka kawo kuɗin fom ka tashi ka bar wurin. Bayan an tura wa PenCom za a ba ka lamba mai farawa da PEN sai lambobi 12 a bayanta, da takardar maraba. Ka ɗauki hotonta a waya, ka rubuta lambar a wani littafi, asalin kuma cikin fayil.

Wannan lambar guda ɗaya ce har ƙarshen rayuwa. Babban kuskuren da aka tafka a shekarun baya shi ne mutum ya canza wurin aiki sai ya sake buɗe sabon asusu da wani kamfanin, ya zama yana da lamba biyu ko uku, kuɗi sun warwatsu, haɗe su kuma sai an sha fama. In ka canza aiki tsohuwar lambarka za ka miƙa wa sabon wurin, shikenan. In kuma kana zargin an taɓa buɗe maka a wani tsohon wurin aiki ba ka sani ba, faɗa wa PFA tun farko su bincika.

Wanda ya yi rajista kafin Yulin 2019 akwai sabunta bayanai da ake buƙata ya yi, a haɗa asusun da NIN. In ba ka yi ba ka je PFA ɗinka ka yi, ba a canza kamfani ko a biya ka haƙƙinka sai da shi.

4. Kai lambar ofishin albashi, sannan ka bi sawun kuɗin

Nan ne gaba ɗaya maganar take, in ma ba ka riƙe komai ba a rubutun nan ka riƙe wannan. Ka kai kwafin takardar maraba wurin mai lissafin albashi, ka sa ya sa maka hannu a naka kwafin cewa ya karɓa. Daga nan doka ta ce wurin aiki ya tura kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan an biya albashi, in ya yi jinkiri akwai tara ta aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin duk wata, kuma tarar asusunka take shiga.

Ga yadda ake dubawa. A ce gundarin albashinka da kuɗin gida da na sufuri sun haɗu sun ba da naira 100,000. A takardar albashi za ka ga an cire 8,000. A asusun fansho kuma abin da ya kamata ya shigo shi ne 18,000, naka 8,000 da nasu 10,000, sai ɗan kuɗin hidima kaɗan da PFA ke cirewa. Wanda nasa ya haɗu ya ba da 70,000, za a cire masa 5,600 a ƙara 7,000, 12,600 kenan. Sai ka ajiye takardar albashi a hagu, ka buɗe manhaja ko takardar bayanin asusu a dama, ka bi wata-wata da yatsa: Janairu ya shiga, Fabrairu ya shiga, Maris fa? Ka duba wane wata aka rubuta a gefen kuɗin, ba ranar da suka shigo ba, domin wani wurin sai a Yuni zai tura na Fabrairu, kai kuma ka ga alat ka ɗauka komai lafiya.

Akwai wani direba da ya taɓa kawo min takardunsa daga wani kamfani da ya bari, a kowace takardar albashi an cire masa fansho ba fashi, da muka buɗe asusun sai muka ga watannin farko ne kawai suka shiga, sauran wayam. Kamfanin kuma ya riga ya rufe. Da a wata na uku ya gano, magana ce ta shiga ofis a yi tambaya.

In ka ga giɓi, fara da ofishin albashi cikin lalama, wani lokacin kuskuren lamba ne, an tura kuɗin amma an rubuta lambarka ba daidai ba sai su maƙale a wurin PFA. Ka nemi su ba ka kwafin jadawalin da suka tura ka kai wa PFA su nemo. In kuwa ba a tura ba ne kwata-kwata kuma an fara yi maka gobe-jibi, rubuta wa PFA a takarda, in ba a ga motsi ba ka rubuta wa PenCom, suna da ofishin shiyya a Kano da sauran shiyyoyi kuma suna da masu bin bashin irin wannan kuɗin. Na san tsoron da mutane ke ji, kar oga ya ji a kore ni, shi ya sa ya fi ku haɗu ku da yawa ku rubuta. Wannan dubawar ka mayar da ita al'ada, duk wata in za ka iya, in ba haka ba kar ta wuce wata uku. Takardun albashi kuma kar ka yar da ko ɗaya, su ne hujjarka.

5. Zaɓi inda za a juya maka kuɗin

Tun 2018 aka raba asusun gida-gida. Fund II nan ake sa duk wanda bai kai shekara 50 ba kai tsaye. Fund I ya fi yawan hannun jari, riba tana iya yin sama sosai tana kuma iya faɗuwa, sai wanda bai kai shekara 50 ba kuma sai ya nema a rubuce. Fund III na masu 50 zuwa sama ne, an fi lallaɓawa, Fund IV na waɗanda suka riga suka yi ritaya, Fund V na masu sana'ar kansu.

Wanda ya fi shafar yawancinmu shi ne Fund VI, asusun da ba ruwansa da kuɗin ruwa, wanda PenCom ta ƙaddamar a 2021. Ana juya shi ne a sukuk, wato takardun jarin da ke biyan kuɗin haya maimakon kuɗin ruwa, da hannun jarin kamfanonin da aka tantance da makamantansu. Mutane da yawa suna ƙorafin cewa kuɗin fansho akwai riba ta haram a ciki, suna faɗa suna ƙara faɗa, alhali ga mafita an samar amma ba su nema ba, kuma ba a kai mutum can sai ya nema da kansa. Fom ne guda za ka cike a PFA ɗinka ko ta manhaja ka ce a mayar da kai, akwai ɓangaren masu aiki akwai na 'yan ritaya. Bayan sati biyu ka sake dubawa ka tabbatar a takardar bayanin asusunka an rubuta Fund VI ɗin.

A ganina saurayin da ke da shekara 25 ko 30 a gaba bai kamata ya ji tsoron hawa da saukar kasuwa ba, lokaci yana gefensa. Wanda saura masa shekara uku kuwa ba lokacin gwaji ba ne.

6. Ƙara naka a kai, ko ka buɗe da kanka in ba ka da oga

Mu koma kan mai 100,000 ɗin nan. 18,000 sau 12 ya ba da 216,000 a shekara, a shekara 30 kuma 6,480,000 in ba a lissafa riba da ƙarin albashi ba. Yanzu ka tuna hukumar ƙididdiga ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, sai ka tambayi kanka buhun shinkafa nawa kuɗin nan za su saya a lokacin. Gaskiya abin da doka ta wajabta shi kaɗai ba zai riƙe gida ba.

Ma'aikaci yana iya ƙarin ganin dama a cikin asusun nasa. Rubuta wa ofishin albashi ka ce a dinga cire maka kaza a haɗa da na fansho, ta hannunsu yake bi. Ko 5,000 ce a wata ta zama 60,000 a shekara, kuma tunda ba ta taɓa shiga hannunka ba ba za ka ji zafinta ba. Dabarar da nake ba mutane, duk sanda aka yi ƙarin albashi ko ƙarin girma ka yanki wani abu daga ƙarin tun watan farko kafin gida su saba da shi. Ana iya cire wani ɓangare na wannan ƙarin kafin ritaya bisa sharuɗɗa, amma in ka cire kafin ya shekara 5 akwai haraji a kan ribar da ya haifar, don haka ka tambayi PFA sharaɗin da ake kai kafin ka fara.

Ɗan kasuwa, tela, mai adaidaita, makaniki, mai abincin sayarwa, naku shi ne tsarin da aka ƙaddamar a Maris 2019 da sunan Micro Pension, wanda daga baya aka mayar Personal Pension Plan. Ka je PFA da NIN da BVN da hoto, babu maganar takardar aiki. Kana zubawa yadda ka samu, kullum ko sati-sati ko wata-wata, ta taransfa. Kuɗin kashi biyu ake yi, ɗaya za ka iya taɓawa in buƙata ta taso, ɗaya kuma a kulle sai tsufa. Kamar adashe ne da kake yi kai kaɗai, sai dai kwasar tana can gaba. Wanda cinikinsa na kaka ne, manomi ko mai sayen hatsi, ya zuba da kauri lokacin da kuɗi ke hannu, ba dole sai kowane wata ba. In kuma ba ka iya taransfa da waya ba, ka je banki da lambarka ka biya ka karɓi rasit, kar ka dinga miƙa wa ejan tsabar kuɗi a hannu.

Amma kafin duk wannan ƙarin, ka fara ware kuɗin ko-ta-kwana a banki, abin da zai riƙe gida wata uku ko fiye, domin ranar da yaro ya kwanta asibiti ba ka da lokacin jiran fom ɗin PFA. Masu gudun kuɗin ruwa ga Jaiz da TAJ da Lotus.

7. Asusu na biyu: hannun jari da sukuk

Fansho a kulle yake, shi ya sa yana da kyau a samu wani jarin a gefe wanda shi ma yana da rajista da sunanka. Hanyar ita ce ka nemi dillalin hannun jari mai lasisin hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari, ka duba sunansa a sec.gov.ng kafin ka tura ko naira ɗaya. Takardun da ka tanada a sama su za ka ba shi, shi zai buɗe maka asusu a CSCS, wurin da ake ajiye bayanan hannun jarin kowa, a ba ka lambar CHN. Amfanin wannan, ko dillalin ya rufe shago hannun jarinka yana nan da sunanka, wani dillalin za ka koma. A ranar ka cike fom ɗin da zai sa ribar shekara ta dinga faɗawa asusun bankinka kai tsaye, rashin yin wannan ne ya sa iyayenmu da yawa suka sayi hannun jari ribar tana can jibge ba a karɓa ba.

Da wannan asusun za ka iya sayen sukuk na gwamnatin tarayya, wanda ofishin kula da basussuka DMO ke fitarwa. Na farko an yi shi a 2017, naira biliyan 100 na shekara 7, aka zuba a tituna, in kana bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ka ga allunan da aka rubuta sukuk a kai, toh su ne. Ana fara saye daga naira 10,000, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara, in wa'adi ya cika a dawo maka da uwar kuɗinka. Ba kullum ake buɗe shi ba, sai ka ce wa dillalinka ya sanar da kai. Akwai kuma FGN Savings Bond, takardar bashin gwamnatin tarayya, da ake farawa daga 5,000 duk wata, amma shi kuɗin ruwa yake biya, mai gudun wannan ya sani.

In ba ka da lokacin bin kasuwa, kar ka tsaya zaɓen kamfani ɗaya-ɗaya saboda wani a Facebook ya ce zai tashi. Akwai asusun haɗaka da ƙwararru ke juyawa, ciki har da na halal irin na Lotus Capital, ka sa kaɗan-kaɗan duk wata. Su ma ka duba rajistarsu a SEC.

Sai gargaɗin da ba na gajiya da shi. Takardar CAC ba lasisin karɓar jarin mutane ba ce, rajistar suna ce kawai, kowa yana iya yi. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi a wata ɗaya, ko ribarka ta dogara da ka kawo mutum uku, ka tuna yadda kuɗin mutane suka salwanta a MMM a Disamban 2016 da CBEX a Afrilun 2025. Kuma 'yan ritaya su aka fi farauta, don an san ranar da dunƙulen kuɗi ke shigo musu.

8. In buƙata ta taso kafin lokaci

Ƙofa biyu ce sananniya. Wanda ya rasa aiki bai kai 50 ba, in ya yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya karɓar har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun, da takardar sallama daga aiki zai je. Tun 2022 kuma an yarda a yi amfani da har kashi 25 a matsayin kuɗin ka-fin-alƙalami na bashin sayen gida, ga wanda ya yi aƙalla wata 60 ana zuba masa, kuɗin kuma bankin da zai ba da bashin ake tura wa, ba hannunka ba. Na farkon nan in kana da wata hanyar ka bar shi, na sha ganin an karɓa an yi biki da shi.

9. Shirin ritaya da maganar magada

Ana fara karɓa ne in ka yi ritaya kuma ka kai 50. Shekara ɗaya kafin lokacin ka je PFA a duba fayil ɗinka, suna da shekaru da watannin da ba su shigo ba, duk a gyara kana da sauran ƙarfin faɗa a ji a ofis. Ma'aikacin tarayya akwai tantancewar PenCom da ake yi kafin shekarar ritaya, kar ta wuce ka, musamman wanda ya kama aiki kafin Yulin 2004, don yana da haƙƙin shekarun tsohon tsari da gwamnati za ta zuba masa.

Ba a ba ka kuɗin duka, sai in sun yi kaɗan ƙwarai. Za a ba ka wani dunƙule, sauran ka zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko PFA ta ci gaba da juyawa tana biyanka wata-wata daga asusunka, in ka rasu abin da ya rage na magada ne. Ko ka miƙa wa kamfanin inshora ya dinga biyanka har iyakar rayuwarka, amma magada suna da rabo ne kawai in rasuwar ta zo cikin shekara 10 na farko. Daga na farkon ana iya komawa na biyu, daga na biyu ba a dawowa, don haka kar ka sa hannu a ranar da aka fara yi maka bayani, karɓi lissafin kowanne a rubuce ka tafi gida da shi. Mai son ya tsaya a tsarin da ba kuɗin ruwa ya tambayi Fund VI na 'yan ritaya.

Sunan da ka rubuta a fom a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba, shi ne dai wanda za a fara nema. Kafin PFA ta saki kuɗin mamaci sai an kawo takardar shaidar rasuwa da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, sannan a raba yadda shari'a ta tanada. In kuma mutum ya rasu yana bakin aiki, akwai inshorar rai da doka ta wajabta wa wurin aiki, aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara, iyalai da yawa ba su ma san da ita ba balle su nema. Ka ɗauki takarda guda ka rubuta sunan PFA da lambar PEN, sunan dillali da lambar CHN, da bankunan da kake da asusu, banda lambobin sirri, ka sa a saman fayil ɗin, ka nuna wa matarka ko mijinki da babba ɗaya cikin 'ya'ya inda yake. In an yi aure ko haihuwa ko rasuwa a gidan, ko ka canza layin waya, ka koma PFA a sabunta.